Wayoyin da ke Ƙarƙashin Tebur

A bayan gidan da jami'a ta ba mu akwai wani ɗan ɗaki da aka gina don ajiyar tarkace, ba shi da taga sai wata 'yar kafa a can sama. Abokan aikinmu da suka taɓa leƙa shi sun kasu kashi biyu: akwai masu yin dariyarsu a fili, akwai kuma masu haɗiye ta sai sun kai bakin ƙofa. Abin da ke ciki tebur ne na falanki, tsawonsa ƙafa 8, faɗinsa ƙafa 4, an shimfiɗa masa ɗan ƙaramin layin dogo wanda ya kewaya ya dawo inda ya taso. A gefen layin akwai tasha mai rufin kwano, da rumbun ajiyar kaya, da tankin ruwa, da itatuwan darbejiya guda biyar da aka yi da soso da waya, da fitilu, da sigina guda uku. Jirgin da ke bin layin bai fi tsawon hannun mutum ba, shi da taragunsa duka. Wanda ya shigo, jirgin yake kallo. Mu kuwa mafi yawan lokacin da muka ɓata a ɗakin nan a kwance muka yi shi a kan tabarma, rigingine, a ƙarƙashin teburin, da tocila a baki, muna bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Mun san abin da mai karatu zai ce, domin uwargida ta riga shi faɗa: me ya haɗa malamin adabi, wanda furfura ta fara tsiro masa, da kayan wasan yara? Ba za mu kare kanmu da dogon Turanci ba. Za mu dai ba da labarin yadda abin ya faro, da kuma ranar da wani tsoho mai yanar ido ya kama mu da kuskuren da masu ido ba su gani ba.

Mahaifinmu ma'aikacin reluwe ne. Ya yi shekara talatin da wani abu yana aiki, mafi yawansu a wata ƙaramar tasha da ke kan layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda, wato layin da aka gama a 1929. Aikinsa shi ne sauya wa jirgi hanya da ɗaga masa alama. A nan muka buɗi ido. Kafin mu san baƙi da wasali mun san cewa in hannun sigina ya miƙe sak, to jirgi zai tsaya, in kuwa ya karkata, an ba shi hanya. Mun san ƙarar wayar ƙarfen da ta taso daga tasha ta bi gefen layi a kan 'yan ƙananan kafafu har zuwa gindin siginar da ke nesa, mun kuma san dukan da ake sha in aka kama yaro yana lilo a kanta. Da magariba akan aike mu mu riƙe wa Baba galan ɗin kananzir in zai hau tsani ya kunna fitilar da ke bayan gilashin ja da kore. Ko da muka yi wayo, jiragen sun fara ƙaranci. A shekarun 1990 sai a yi mako ba a ji kukan jirgi ba, ciyawa ta fara cin layi, akuyoyi suna kwana a kan dakalin fasinja. Duk da haka ba mu taɓa ganin magariba ta yi Baba bai kunna fitilar nan ba, muddin akwai kananzir.

Da muka shiga jami'a muka karanta Waƙar Diga ta Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wadda ya yi game da aikin shimfiɗa layin nan da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911, sai muka ga ashe tun ranar da ƙarfen ya shigo ƙasar Hausa adabi ya tarye shi. Mun koyar da waƙar shekara da shekaru. Amma a gaskiya ba mu taɓa zama mun tambayi mahaifinmu yadda aikinsa yake ba. Ɗan fari da uba a gidan Bahaushe, kowa ya san irin shingen kunyar da ke tsakaninsu. Bai taɓa kiran sunanmu ba, mu ma ba mu taɓa zama mun yi hira mai tsawo da shi ba.

A 2011 muka tafi Ingila neman digiri na uku. Ɗakin da muka kama haya a gidan wani tsoho ne wanda matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma suka watse. Wata ran Asabar muka ji yana kiranmu daga can saman silin, inda Turawa kan ajiye tarkace. Da muka hau sai muka tarar da gari sukutum a kan katako: duwatsu, gada, tashoshi biyu, layuka sun sarƙe kamar jijiyar ganye. Ba don ya nuna mana ƙawa ya kira mu ba. Gwiwoyinsa ne suka daina lanƙwasa, wata waya kuma ta tsinke a ƙarƙashi, yana neman mai shiga. Haka muka zama ƙafarsa da hannunsa har shekara uku. Yana zaune a kan kujera yana ba da umurni, mu muna ƙasa muna cikawa.

Daga wajensa muka san cewa wannan abu a ƙasarsu aiki ne na manya, da ƙungiyoyinsa da mujallunsa da kasuwarsa. Wani mutumin Libaful mai suna Frank Hornby, wanda ya ƙago kayan haɗe-haɗen nan na Meccano, shi ya fara sayar da ƙananan jiragen da ke ɗauke da sunansa a 1920, a 1938 kuma kamfaninsa ya fito da masu girman da aka fi yayi a Ingila har yau, wanda suke kira OO. A wannan ma'auni kowace ƙafa ɗaya ta ainihin jirgi ana mayar da ita milimita 4, wato an rage girman abu sau 76 da ɗan ɗoriya, tazarar ƙarafunan layi kuwa milimita 16.5 ce. Tsohon yakan yi ta mita a kan cewa wannan tazara ƙarya ce, domin in an bi lissafi layin Ingila mai ƙafa 4 da inci 8 da rabi kamata ya yi ya fito kusan milimita 19. Da muka gaya masa cewa tsohon layinmu na Nijeriya ƙafa 3 da inci 6 ne, ya ɗauki fensir ya yi lissafi ya ce namu milimita 14 zai fito, saboda haka layin da ake sayarwa a kanti ya yi wa ƙasarsu kaɗan, ya yi wa tamu yawa, kowa sai ya yi haƙuri. Ya taɓa kai mu wani gidan tarihi da ake kira Pendon, a kusa da Okasfod, inda wani mutumin Ostareliya mai suna Roye England ya ƙarar da rayuwarsa yana sassaƙa ƙauyukan wani kwari kamar yadda suke a shekarun 1930, gida gida, bukka bukka, saboda ya ga ana rushe su. A nan ne tunanin tasharmu ya fara faɗo mana.

Abin da ya fi dagewa a kai shi ne wayoyi. Yakan ce kowa na iya sayen jirgi, amma a ƙarƙashin tebur ake gane mai gida. Ga abin da muka koya a taƙaice, ga wanda zai so gwadawa. Wutar da ke shiga teburin iri uku ce, kuma ba a cakuɗa su. Ta farko ita ce mai tuƙa jirgi, wadda ke bi ta cikin ƙarafunan layin kansu. Ba ta wuce bolt 12, ana ƙara ta ana rage ta da maɓalli gwargwadon gudun da ake so. Wanda ya yi lalaci ya jona fitilun tasha a jikinta zai ga abin kunya: jirgi na rage gudu don tsayawa, fitilu na dusashewa, har tasha ta yi duhu daidai lokacin da fasinja za su sauka. Saboda haka fitilu da sigina suna da tasu hanyar, bolt 12 da ba ta hawa ba ta sauka. Ta uku, bolt 16, ta masu sauya layi ce. A ƙarƙashin falanki ana jan manyan wayoyi biyu tun daga wannan ƙarshe har wancan, kamar babbar hanya, sa'an nan kowace fitila ta sauko da 'yan siraran wayoyinta ta cikin huda a jona su a jiki, ta yadda kowace na shan wutarta kai tsaye. In aka jera fitilu wannan na miƙa wa wannan, to ranar da ɗaya ta mutu duka za su mutu, mutum kuma ya kwana yana neman mai laifi. Kowace hanya da launin wayarta. Kowace waya da lambarta a ɗan ƙyallen takarda, lambar kuma tana cikin littafi. Mun raina maganar littafin nan da farko, muna ganin wa zai manta wayar da ya jona da hannunsa. Wata shida ya ishe mutum ya manta.

Da za mu dawo gida a 2015, tsohon ya cika mana kwali da layuka da inji ɗaya da taragu da tiransifoma da wayoyi. Wani abin sauƙi shi ne wutar gidajenmu da tasu ma'auninsu ɗaya ne, bolt 230, har bakin soket ɗin ma iri ɗaya ne, gadon mulkin mallaka. Kwalin ya shekara biyar a kan kabad ba a buɗe shi ba. Koyarwa, duba takardun jarrabawa, taron sashe, hidimar iyali; wa ke da lokacin jirgi?

Kullen annobar korona na 2020 ne ya sa aka sauko da shi. A lokacin ɗanmu namiji yana da shekara tara, kuma akwai wani abu game da shi da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. A nan kudu aka haife shi. Makarantarsa Turanci, abokan wasansa Yarbanci da burokin, Hausarsa kuwa ta gaisuwa ce da ta neman abinci. In an yi masa magana da Hausa yana ji, amma da Turanci zai amsa. Mu da muke tsayawa gaban ɗalibai muna yi musu wa'azi a kan kishin harshe, ga abin da ke cikin gidanmu. In kakansa ya kira a waya, daga "ina wuni" da "lafiya lau" sai shiru, yaro ya miƙo mana waya yana sunkuyar da kai. Mun gwada tilas, ba ta yi ba. Mun gwada littattafan tatsuniya, ya yi barci.

Da muka buɗe kwalin muka kafa sharaɗi ɗaya: a cikin ɗakin nan ba a Turanci. Wanda ke son taɓa jirgi sai ya nemi abin da yake so da Hausa. Ba mu yi tsammanin wahalar za ta fi faɗawa a kanmu ba. Yaro ya ɗaga wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai zane-zane ya ce, "Abba, mene ne sunan wannan?" Mu da digirinmu uku muka yi tsuru-tsuru. Masu gyaran rediyo resista suke ce masa, haka muka gaya masa, amma muka ƙara da cewa aikinsa rage ƙarfin wuta ne, sai shi da kansa ya raɗa masa suna marage. Kafasita ta zama randa, saboda tana tara wuta ta juye ta gaba ɗaya. Manyan wayoyin nan biyu suka zama gwadabe. Ba mu ce waɗannan sunaye za su shiga ƙamus ba, amma a ɗakin nan sun yi aiki.

Ɓarna kuwa mun yi ta. Fitilun zamani da ake kira LED, waɗanda muka sayo a kasuwar kayan lantarki, ba sa ɗaukar wuta mai yawa. Ja ko kore bolt 2 ko ɗan sama da haka take bukata, saboda haka in za a ba ta daga hanyar bolt 12 dole a sa mata marage. Lissafin mai sauƙi ne: a cire 2 daga 12, saura 10, a raba da ƙarfin kwararar da ake so, wato kashi ɗaya cikin ɗari na amfiya, sai ya ba da om 1,000. Yaron ya ga wannan ɓata lokaci ne, ya jona ɗaya kai tsaye muna sallar la'asar. Ta yi wani haske sau ɗaya kamar walƙiya, shi ke nan. Ya kuma gane da kansa cewa tana da doguwar ƙafa da gajeriya, in an juya su ba za ta kama ba ko da lafiyarta ƙalau. Amma babbar ɓarnar tamu ce. Na'urar da ke sauya layi wasu naɗaɗɗun siraran wayoyi ne guda biyu da ɗan ƙarfe a tsakani. In wuta ta shiga wannan naɗi ya fizgo ƙarfen hagu, in ta shiga wancan ya fizgo shi dama. Bugu ɗaya take so, kamar ƙiftawar ido. Tsohon Ingila ya gargaɗe mu cewa kada a taɓa ba ta wuta sai ta bayan randar nan, domin randa in ta juye abin da ta tara sai ɗan kaɗan ke biyo baya, ko da an danne maɓalli. Mu muka ga randar ba ta iso ba tukuna daga inda muka yi oda, muka ce bari a gwada haka. Muka sa makunni irin wanda in an danna yake zama a danne. Ba a yi minti ɗaya ba ƙauri ya cika ɗaki, roba ta narke, hayaƙi na fita ta ƙarƙashin tasha. Uwargida ta shigo da bokitin ruwa, da ƙyar muka tare ta. Na'ura huɗu tsohon ya ba mu, saura uku, ba kuma a sayar da ita a garin nan. Tun ranar muka sa fis a kan kowace hanya, muka kuma daina jona tebur in janareta ke aiki, bayan da ya taɓa yin wani tari ya tafi da fitilu shida. Damina ta zo da nata: laima tana sa ƙarafunan layi su yi dusu-dusu jirgi ya riƙa sarƙewa, ɓera kuma ya gano cewa robar jan waya tana da daɗi.

A hankali tashar ta tashi. Mun gina ta daga abin da muke iya tunawa da wani tsohon hoto guda ɗaya. Jirgin na Ingila ne, launinsa ma ba irin namu ba ne, amma dakali da rumbu da darbejiya namu ne. Sigina masu hannu sun fi ƙarfin aljihunmu, saboda haka muka yi masu fitila biyu, ja da kore, kowace da makunninta a kan allo. Akwai babban layi, akwai kuma ɗan reshe da ke shiga bakin rumbun kaya inda taragu biyu ke tsaye. Mun yi alfahari da aikin ƙwarai.

A 2023 aka kawo Baba wajenmu don a yi masa aikin ido. Ya haura shekara tamanin, yana ta rufe idon dama, na hagu kuma inuwa-inuwa yake gani da launi. An ba shi mako uku kafin ranar aiki. Zaman gidan ya yi masa nauyi; ba majalisa, ba wanda zai yi hira da shi, ga jikan da yake ɗokin gani yana ta ɓuya. Rana ta huɗu yaron ne da kansa ya kama hannunsa ya ja shi zuwa ɗakin baya. Muna biye da su, gabanmu na faɗuwa, domin ba mu taɓa gaya masa abin da muke yi ba.

Aka ba shi kujera. Ya shafa rufin tasha da yatsa, ya shafa tankin ruwa, ya daɗe a kan dakali. Bai ce kome ba. Yaron ya kunna jirgi, ya danna makunni, siginar shiga tasha ta yi kore, jirgi ya taho, ya karkata ya shiga reshe ya tsaya a bayan taragun nan biyu, saura kaɗan ya taɓa su. Yaron ya juyo yana jiran yabo.

"Kai, mai gidan," in ji Baba, haka yake kiran jikan nasa, "wace hanya ka ba shi?"

Yaron ya dube mu. Muka yi kamar ba mu gani ba. Da ƙyar ya haɗo, "Na ba shi kore, Kaka."

"Na ga kore. Kore na babban layi ne. Foyin ɗinka kuma yana kallon rumbu. Ka ce wa direba taho da gudu hanya a buɗe take, alhali ka karkatar da shi inda taragu ke tsaye. Mutum nawa ne a cikin jirgin nan?"

Yaron ya ce ba kowa, na roba ne. Baba ya ce shi bai taɓa ba jirgi hanya yana tunanin ba kowa a ciki ba. Sa'an nan ya juyo inda yake jin numfashinmu, ya yi magana kamar da bango yake yi, yadda ya saba: "Wanda ya haɗa wannan abu, ashe bai san ba a barin sigina ta yi ƙarya ba? Ai ba hankalin ma'aikaci ake dogara da shi ba. Ma'aikaci yana gajiya, yana barci, matarsa tana naƙuda. Ƙarfe ake sa wa ya ƙi."

Mun ji kunya irin wadda ba mu ji ba tun muna ɗalibai. Abin da ya faɗa mun sani a karance. Tsohon Ingila ya taɓa yi mana bayani, mu ne muka ɗauke shi ƙawa. Tun 1856 wani Bature mai suna John Saxby ya yi rajistar dabarar ɗaure sandunan sigina da na sauya layi da juna, ta yadda hannu ba zai iya jan sandar ba da hanya ba sai layi ya daidaita, in kuma an ba da hanya sandar layi ta kulle. Kamfanonin jiragen Birtaniya sun yi ta jan ƙafa saboda tsada, sai da jirgin 'yan yawon makarantar Lahadi ya yi haɗari a Arma, a ƙasar Ayalan, cikin Yunin 1889, mutum 80 suka mutu, da yawansu yara, sa'an nan majalisa ta yi dokar da ta ba hukuma ikon tilasta wannan ɗauri, tare da birki mai kama kansa da tsarin hana jirage biyu shiga yanki ɗaya. Wannan tarihi ne muka sani. Baba bai san Saxby ba, amma ya shekara talatin yana jin ƙarfen na ƙin motsi a tafin hannunsa.

Gyaran ya ci mana kwana biyu. Akwai ɗan makunni da ake ɗaura wa na'urar sauya layi a ƙasa, wanda ke motsawa tare da ita. Yana cikin kwalin tun 2015, ba mu san amfaninsa ba. Muka yanke wayar da ke kai wuta ga koren fitila, muka bi da ita ta cikinsa, ta yadda ko an danna makunnin allo kore ba za ta kama ba sai layi na kallon babbar hanya. Bayanmu ya fara ciwo, saboda haka yaron ne ya shiga ƙarƙashi, mu muna riƙe da ƙarfen narka dalma, Baba na kan kujera. Sai ga shi mun koma yadda muke a saman silin ɗin Ingila, sai dai an sauya mazauni. Kakan yana tambaya, jikan yana amsawa daga ƙasa, kuma ba hanyar amsawa sai Hausa, domin tsoho ba ya jin wani abu. Mun ji yaron yana cewa, "Jar waya ta fito daga gwadabe, ta shiga marage," Baba yana cewa, "Wane ne kuma marage?" Yaron ya yi masa bayani, da guntuwar Hausarsa, har ya gane. Ya yi dariya har da tari.

Muka gwada, ya yi. Layi na kallon rumbu, a danna a sake dannawa, kore ta ƙi. Muka ce to an gama. Baba ya ce a ba shi almakashi. Ya ce a nuna masa wayar da ta taso daga allo zuwa sigina, in ɓera ya cinye ta me direba zai gani? Muka ce duhu, ba ja ba kore. Ya ce a dokarsu siginar da ba ta nuna kome ba ja ce, direba tsayawa zai yi, amma wannan dogaro ne da idon direba, wanda mai yiwuwa bai ma lura ya wuce ta ba cikin dare. Siginarsu ta da tana da nauyin ƙarfe a gindi. In waya ta tsinke, nauyin ne ke mayar da hannu ya miƙe, ya ce tsaya. Wannan ma da jini aka saye shi. A Janairun 1876, a wani wuri da ake kira Abbots Ripton a Ingila, ƙanƙara ta daskarar da hannuwan sigina a matsayin ba da hanya, jirage suka afka wa juna, daga nan aka koma barin sigina a kan tsaya kullum, sai jirgi ya gabato a buɗe masa.

Maganin wannan a wajenmu shi ne wata 'yar na'ura da masu gyaran mota suka sani, rile, wadda muka sayo a bakin gareji. Tana da baki biyu: ɗaya a rufe yake muddin ba wuta a jikinta, ɗaya kuma sai an ba ta wuta yake rufewa. Muka ɗora ja a kan na farko, kore a kan na biyu, muka kafa rile ɗin a gindin sigina. Yanzu sai an ci gaba da turo wuta daga allo, ta bi ta makunnin layi, kafin kore ta tsaya. Da zarar wani abu ya katse a hanya, rile ta saki, ja ta dawo da kanta. Daren da za a kai shi asibiti muka gama. Yaron ya ba da kore, jirgi ya taso, ya sa almakashi a hannun kakansa ya kai shi kan wayar. Baba ya datse. Muka ji ɗan ƙas a ƙarƙashin tebur.

"Me ka gani, Kaka?"

Ya matso da idon hagu har goshinsa na taɓa darbejiya. Ya ce, "Ja."

Aikin ido ya yi kyau, ya yi wata guda ya koma gida. Kafin ya tafi ya sake shiga ɗakin da sabon tabarau, ya duba kome da kyau, ya ce tankin ruwa ba a wannan gefen yake ba, yana bayan rumbu, kuma darbejiyar bakwai ce ba biyar ba, shi ya dasa biyu daga ciki shekarar da aka haifi wani. Bai faɗi ko wane ne ba. Yanzu duk ran Juma'a da yamma yaron ne ke karɓe wayar, su shafe rabin sa'a. Makon jiya mun ji suna gardama a kan ko ya kamata a sa ƙofa a inda hanyar shanu ta ratsa layi, da kuma wace waya za ta rufe ta. Mun duba littafin wayoyi, mun tarar an riga an rubuta lamba ta 47 da rubutun da ba namu ba.